Sidiku Mai Waya da Motar da Ta Ƙi Mutuwa

A tashar motar Yendi, a shekarun da suka biyo bayan yunwar tamanin da uku, babu direban da bai san Sidiku Mai Waya ba, kuma da ƙyar za ka ƙirga mutum uku da suke ƙaunarsa. Gajere ne, siriri, da tabon ƙuna a bayan hannun hagu inda ruwan batir ya taɓa zubo masa. Sana'arsa gyaran wutar mota: fitila, hon, sitata, caji. A wannan fage ba shi da na biyu daga Yendi har Bimbilla. Baki ne ya ɓata shi. In ka kawo masa mota zai gyara ta tsaf, sannan ya tsaya a gaban jama'a ya lissafa maka irin wautar da ka tafka har ta lalace.

A Salaga aka haife shi, a gidan tsofaffin fataken goro da kakanninsu suka zo daga ƙasar Hausa tun ana tafiya da jakuna. Ubansa, Malam Idirisu, ya so ya zauna a zaure ya gaji karantarwa. Da Sidiku ya ce shi aikin mota yake so, malam ya ce masa taɓa baƙin mai aikin marasa asali ne. Sidiku ya amsa da cewa asali ba ya kunna fitila. A ranar ya bar gidan. Ya yi shekara bakwai a Kumasi a hannun wani maigida da yake gyara kuskure da bulalar waya, daga nan ya wuce Legas, ya zauna a Agege har aka kori baƙi a tamanin da uku. Ya dawo a saman wata babbar mota da jaka guda. Abin da ya fi daraja a cikinta ƙwan fitila ne ƙarami da ya liƙa wa wayoyi biyu, wanda yake gwada wuta da shi: in ya taɓa waya ƙwan ya kama, akwai wuta, in bai kama ba, babu.

Ya tarar malam ya rasu, Salaga kuma ta yi sanyi. Tun da manyan motoci suka canja hanya, sai ya wuni bai ji ƙarar inji ba in ba na niƙa ba. Ya kwashi matarsa Asiatu da 'yarsu guda, suka hau motar Yendi. Ya kafa rumfar kwano a gefen tasha, ya fara tara abokan gaba.

Babba a cikinsu Aruna ne, wani ƙaton direba mai son a san da shi, wanda kullum yake rataye da tsumman goge gilashi ruwan ɗorawa a wuya. Yana jan motar Alhaji Issahaku, ɗan kasuwar hatsi da doya, tsohuwar mota mai bodin katako da take shan fetur. Sidiku ne ya cire mata tsohon dainamo ya ɗaura mata altaneta, wato injin da yake caja batir yayin da mota take aiki. Alhaji ya ji daɗin aikin har ya kafa doka: kada kowa ya taɓa wayar motarsa sai Sidiku. Aruna bai so dokar ba. Da ya ƙona sitata karo na biyu, Sidiku ya ce masa a gaban direbobi, "Wannan hannun naka muciya ya dace da ita, ba makulli ba." Aruna ya ce, "Ɗan Agege, da kana da amfani da ba a koro ka da buhu ba." Daga ranar suka daina gaisawa, shekara biyu cur.

Akwai kuma Mma Azara, tsohuwa mai sayar da wake da shinkafa a bakin tasha. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa namiji, 'yarta guda tana aure a Savelugu. Bakinta bai fi na Sidiku sanyi ba. Ya taɓa ce mata yajinta ya sha ruwa, ta ce ya koma inda aka koro shi ya ci burodi. Shi ma bai ƙara tsayawa a teburinta ba.

Wata safiya cikin daminar tamanin da bakwai, Aruna yana baya da mota zai tafi kasuwar Gushegu, ya ture teburin Mma Azara. Tukunyar ta kife, abincin yini guda ya zube cikin taɓo. Ko saukowa bai yi ba. Ta miƙe ta nuna motar da ludayi ta ce, "Yadda ka hana ni cin abincina yau, Allah ya hana ka hutawa, kai da motar taka." Mutane suka yi dariya, kowa ya kama gabansa.

Washegari bayan azahar Aruna ya dawo da lodin masara. Ya tsaya a tsakiyar tasha, ya murɗa makulli, ya zare. Inji ya ci gaba da aiki. Ya mayar da makullin, ya sake murɗawa, ya sake zarewa, inji yana ta gurnani abinsa. Wani direba ya zo da sifana ya kwance kan batir, ya ɗaga wayar sama kowa ya gani. Inji bai ko yi tari ba. A nan ne dariya ta ɗauke. Mota ba makulli, ba batir, tana aiki. Aruna ya hau ya sa giya ya saki kuloci ta shaƙe ta mutu. Aka mayar da batir aka sake tayar da ita, aka kashe, ta ƙi. Sai wata mai sayar da ruwa ta ce a hankali, "Jiya fa tsohuwar nan ta yi magana."

Aruna ya cafke maganar kamar mai jira. "Shi ne," in ji shi, da Hausarsa ta tasha wadda ba ta raba mace da namiji. "Tsohuwan nan shi ne ya yi. Kowa ya ji bakinshi."

Sidiku yana rumfarsa yana kankare kan batir, duk abin a kunnensa. Tun da ya ji an cire batir mota ba ta mutu ba ya san inda wutar take fitowa, domin abu ɗaya ne a jikin mota yake iya haifar da wuta da kansa. Amma ba a kira shi ba, kuma ganin Aruna yana zufa a tsakiyar taro ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya gama aikinsa, ya rufe akwatin kaya, ya tafi gida.

Yana cin tuwo yana ba Asiatu labari yana dariya. Ita ba ta yi dariya ba.

"Maigida, ka san abin da ake yi wa tsohuwar da aka kira mayya a garin nan," in ji ta. "Na ji a famfo gobe za su fitar da ita."

"Ina ruwana? Bakinta ya ja mata."

"To. Amma mata suna cewa in ba maita ba ce, aikin wanda ya ɗaura wayar ne. Sun ce ai dama aikin Agege ba ya ƙarko."

Ya ajiye lomar da ya ɗebo. "Wa ya ce?"

"Ana dai faɗa."

Bai ƙarasa tuwon ba. Ko da gaske mata sun faɗa, ko Asiatu ce ta san inda za ta taɓa mijinta, wannan ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Da hantsi ya tarar tasha ta cika. An tayar da motar an bar ta tana aiki a tsakiyar fili, makullin yana hannun Aruna yana kaɗa shi sama don shaida. Mma Azara tana zaune a ƙasa, an tuge mata ɗankwali, an watsar da kwanukanta. Sarkin tasha, Iliasu, wanda kawun Aruna ne, yana tsaye yana bayani cewa za a sa ta a mota a kai ta ƙauyen da ake kai waɗanda aka kira mayu, can a warware abin da ta ƙulla, kuma kada ta ƙara taka tashar. Alhaji Issahaku yana gefe da carbi, fuskarsa ba ta nuna inda ya dosa ba.

Sidiku ya ratsa taron da ƙwan gwajinsa da filaya, bai yi wa kowa sallama ba. Aruna ya tare shi da ƙirji.

"Ba wanda ya kira ka."

"Wayata ce a ciki. Matsa."

"Wannan ba aikin waya ba ne."

"In ba aikin waya ba ne, me kake tsoro?"

Alhaji ya ɗaga kai ya ce, "Aruna, bar shi ya duba." Aruna ya matsa da ƙyar.

Sidiku ya fara da mazaunin makulli, don shi ne abin zargi na farko: wani lokaci cikinsa yakan narke ya manne, a zare makulli amma wuta ta ci gaba da wucewa. Ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari ya zare wayar da take fita daga bayansa. Inji bai mutu ba. Ke nan ba daga nan ba ne. Ya sauko ya buɗe bonet, ya ɗora ƙwan gwaji a kan kwal, ɗan gwangwanin da yake ba filogi wuta. Ƙwan ya kama jawur. Ya ɗaga murya ya ce, "Ku duba. Makulli yana hannun wancan, amma ga wuta a nan. Wani wuri take biyowa." Sai ya zura hannu bayan altaneta, kusa da fankar da take juyawa, ya lalubo wata siririyar waya, ya fizge ta.

Inji ya mutu nan take.

Wani daga baya ya ce, "Shi ma ya san abin mayun." Sidiku ya ji, ya juya ya nemi mai maganar da ido bai gan shi ba, ya koma kan aikinsa. Wayar da ya cire tasa ce, shi ya ɗaura ta da hannunsa, kuma ya san ya bi da ita ta cikin 'yar jar fitilar da take gaban direba, wadda take nuna ko batir yana caji. Ya bi ta da yatsa, taƙi bayan taƙi, ta ramin bodi har ƙarƙashin allon gaban mota. A inda ya kamata ya sami ƙwan jar fitilar, babu ƙwai. An yanke wayoyin biyu, an murɗe su wuri ɗaya, an naɗe da wani ƙyalle.

Ya kwance ƙyallen a hankali, ya fito da shi, ya ɗaga. Ruwan ɗorawa ne, an yage shi daga jikin wani abu. Ya kalli wuyan Aruna. Jama'a suka bi idonsa. Gefen tsumman da yake rataye a wurin a yage yake.

"Alhaji, matso ka gani," in ji Sidiku. "Wannan ƙwan da aka cire kamar ƙaramar kafa yake a jikin madatsar ruwa. Yana barin wuta kaɗan ta je ta tayar da altaneta, amma ba ya barin mai yawa ta dawo. Da aka cire shi aka haɗe wayoyin, sai aka buɗe hanya. Ka kashe makulli, altaneta yana juyawa yana haifar da wuta, wutar ta dawo ta nan ta shiga kwal, inji ya ci gaba, shi kuma ya ci gaba da juya altaneta. Ko ka jefa batir a rijiya ba za ta mutu ba."

Ya ciro sabon ƙwai daga aljihu ya ɗaura tsakanin wayoyin, ya mayar da duk abin da ya zare. Ya miƙa hannu, Alhaji ya karɓi makulli daga hannun Aruna ya ba shi. Ya tayar, ya kashe, ta mutu. Ya cire ƙwan ya haɗe wayoyin, ya tayar, ya kashe, ta ƙi. Ya raba su, ta mutu. Sau uku ya yi haka, ba gaggawa, yana kallon fuskar sarkin tasha.

"Ƙwan ne ya ƙone a hanya," in ji Aruna. "Batir ya daina caji. In kwana a daji da kayan mutane?"

"Da ka kwana," in ji Alhaji. "Ko da ka dawo ka faɗa. Ka san jiya ka taɓa wayar, ka tsaya kana kallo ana jan tsohuwa a ƙasa." Ya karɓi makullin ya sa a aljihun rigarsa. Kowa ya gane Aruna ya rasa motar.

Da Sidiku ya tsaya a nan, da wataƙila ya tsufa a Yendi. Amma baki shi ke yanka wuya. Ya hau matakalar motar ya dubi taron ya ce, "Ga mayyarku, ƙyallen goge gilashi. Ku ɗauke shi ku kai ƙauyen. Garke guda, ba mai kai ko ɗaya. Kai kuma, Sarki, shekara talatin kana cin abinci a jikin mota, ba ka san abin da yake kashe ta ba. Da kujerar nan aka ɗora wa buhun gawayi, da ya fi ka amfani."

Iliasu ya gyaɗa kai sau biyu, kamar wanda aka gaya wa farashin kaya, ya juya ya shiga ofishinsa.

Mma Azara ta miƙe da kanta, ba wanda ya ba ta hannu. Ta karkaɗe ɗankwali ta ɗaura, ta shiga tsince kwanukanta. Da ta zo wucewa ta gaban Sidiku ta tsaya.

"Kada ka tsaya nan kana jiran godiya," in ji ta. "Jiya kana rumfarka, kana ji, kana kankare batir. Na gan ka. Ba don ni ka zo ba."

"Ban ce don ke ba ne."

"To, mun gama."

Wannan magana ta fi duk zagin da aka taɓa yi masa zama a ransa. Ya koma rumfa ya zauna, har azahar bai taɓa komai ba.

Abin bai ƙare da kyau ga kowa ba. Mutanen da suka ga ƙyallen da idonsu, bayan mako guda suka fara cewa ai ƙwan bai ƙone haka kawai ba, wani ne ya ƙona shi daga nesa. Ba a kori Mma Azara ba, amma aka daina sayen abincinta. Ta yi wata biyu tana komawa gida da tukunya cike, sannan ta ɗaure kayanta ta tafi wurin 'yarta a Savelugu. Aruna ya koma jan wata motar yashi da ba ta da ƙofa.

Shi kuwa Sidiku, sarkin tasha bai taɓa cewa kada a kai masa aiki ba. Abin da ya faru kawai, duk direban da aka gani a rumfarsa sai layin lodinsa ya ja baya. Cikin wata guda rumfar ta zama wurin kwanan awaki. Wata safiya ya tarar an kwance kwanon rufin an jingine masa a jikin bishiya, wai ana bukatar wurin. Wata Juma'a kuma, yana dawowa daga masallaci ta lungun masu niƙa, Aruna da ƙannensa biyu suka tare shi. Ya bar haƙora biyu a wurin, amma ya ciji ɗaya daga cikinsu a kunne har sai da aka yi ɗinki. Alhaji Issahaku bai daina kawo motarsa ba, har gida yake aiko ta, sai dai mota ɗaya ba ta ciyar da gida.

"Maigida, je ka ba Sarki haƙuri," in ji Asiatu. "Kalma ɗaya ce."

"In ce masa me? Ya san waya?"

"Ka ce ka yi kuskure."

"Ban yi ba."

A farkon tamanin da takwas suka hau motar Bawku.

Bawku ta karɓe shi don tana bukatarsa. Gari ne na kan iyaka, motoci suna shigowa daga Togo da Burkina da albasa da shanu, rabinsu an yi musu haɗin gambiza a hanya. Ya sami wuri a bayan kasuwar albasa. A nan ba wanda ya damu da halinsa, don yawancin masu kawo aiki baƙi ne, su sha zagi yau, gobe sun tsallaka iyaka. Ya koyi zagi da Mosanci da Kusasanci kafin ya koyi gaisuwa. Asiatu ta kafa tukunyar koko da ƙosai, ta yi jama'a fiye da shi nesa ba kusa ba. Suka aurar da 'yarsu ga wani mai sayar da taya. Shekara takwas yana aiki, bai ƙara taka Yendi ba, ko sunan garin aka ambata sai ya tofar da yawu.

Ido ne ya kayar da shi. Wajen casa'in da shida ya fara riƙe waya nesa da fuska, yana tsinuwa wai masu yin waya na yanzu ba su iya rini ba, ja da ruwan ƙasa duk ɗaya. Wata rana wani direba daga Dapaong ya kawo ƙaramar mota a gyara masa fitilun gaba. Sidiku ya haɗa, ya ce a kunna. Hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin sitiyari, wayoyin motar suka narke tun daga gaba har baya. Direban ya buɗe baki zai fara, Sidiku ya ɗaga masa hannu.

"Yi shiru. Na fi ka sanin abin da na yi."

Ya kwana huɗu yana sake mata waya, yana kiran Asiatu daga wurin tukunyarta tana gaya masa launin kowace. Da motar ta tashi, fitilu suka kama, ya rufe akwatin kayansa ya ɗora a ka, ya tafi gida. Ba wanda ya ce ya daina. Bai ƙara buɗe akwatin ba.

Ya yi shekara biyu a zaune a ƙofar gida a kan benci. In mota ta wuce sai ya karkata kunne ya ce bel ɗinta ya saki, ko direbanta jaki ne. Ya rasu cikin azumin casa'in da takwas, bayan zazzaɓin kwana biyar. Sahu biyu aka yi a sallarsa, yawanci masu shan kokon Asiatu ne. Surukinsa ya so ya kai akwatin kayan kasuwa, Asiatu ta ce a bari tukuna. Ta tura shi ƙarƙashin gado, ta gama takaba, ta koma kan tukunyarta.